A Yi Mani Irin Wannan

Shekarar da ambaliya ta cinye mana shinkafar damina ban yi kuka ba. Na tsaya a kan jinga ina kallon kwale-kwale yana wucewa ta saman gonata, na ce to, Allah ya kai mu rani. Duk mai noma a fadamar Haɗeja ya saba da halin kogin nan. Amma rumbuna wayam yake, gida kuwa cike da masu ci, saboda haka da ruwa ya janye na zuba duk ƙarfina a noman rani. Shinkafar nan ita ce tuwon gidana na shekara, babu wata a bayanta.

Gonata tana da nisa da ruwa. Da can akwai wani ɗan rafi da ke bi ta gefenta, sai kachala ta toshe shi, ciyawar nan mai tsayi da ta addabi fadama. Tun daga lokacin na dogara ga injin ban ruwa da na gada wurin mahaifina, wani ƙaton tsoho mai shan gas, wanda ke zaune a bakin kogi yana turo ruwa ta dogon bututu har cikin fangalaina. Ƙananan injinan nan na fetur ba su iya wannan tafiya. Ina zaginsa kullum, ina kuma lallaɓa shi kamar tsohon jaki.

Shinkafa ta yi kyau a shekarar, har ta yi ciki. Wanda bai yi noma ba ba zai gane ba, amma wannan ne lokacin da ba ta yafe ƙishirwa. Ƙwayar tana haɗuwa ne a ɓoye cikin kara, in ruwa ya yanke mata a nan, to sai dai wani ikon Allah. A daidai wannan gaɓa, wata safiya, na ji muryar injin ta sauya. Ya yi wata ƙara, ya ci gaba da gudu, amma bakin bututu ya bushe. Da na kwance shi sai na tarar sandar ƙarfen da ke juya fankar cikinsa ta karye gida biyu.

Na zaga shagunan masu kayan inji na cikin gari da guntayen a hannu. Wani ya tambaye ni ko daga kabari na tono su. Na sa aka buga waya Kano, suka ce a turo hoto, da suka gani suka ce an daina yin irinta tun kafin a haife su. Ban damu sosai ba, domin ina da wurin zuwa.

A bayan tasha akwai wani tsoho mai injin sassaƙar ƙarfe, irin na hannu, shi ya yi wa mahaifina aiki, shi yake yi mani. Ba a doguwar magana da shi. Ka ajiye abin da ya lalace a kan bencinsa ka ce, “A yi mani irin wannan.” Ya jujjuya shi a hannu, ya ce ka dawo gobe. Abin da zai ba ka kuwa bai taɓa shiga kai tsaye ba. Kullum sai ya yi ƙiba kaɗan, sai ka zauna a gona da sanfefa kana guga, kana gwadawa, kana guga, yatsunka na zafi, kafin ya shiga. Babu manomin da bai tsine wa wannan guga ba. Mu a ganinmu tsohon nan ganda ce da shi, yana barin mana ƙarashen aikinsa.

Na same shi zaune a ƙofar shago, hannu rabbana. Ruwan da ya ci gonata ya shiga shagonsa, ya kwana a cikin injin har ya kashe shi. Ya shafa guntayen sandar, ya miƙo mani, ya ce, “Ɗana, ni kam na gama. Ka je sabon wurin nan na hanyar fita gari, an ce suna da inji mai kwamfuta. An ce ba ya kuskure.”

Wurin tsaf yake kamar asibiti, har na tsaya ina kakkaɓe takalmi. Injin wani ƙaton akwati ne mai tagar gilashi, da allo mai maɓallai a gefe. Wata matashiya sanye da shuɗin kayan aiki ta taso ta gaishe ni. Na amsa ina leƙen bayanta, ta kuwa gane.

“Baba, ni ce. Babu wani a ciki.”

Ashe 'yar malamar nan ce mutumiyar Filato da ta koyar da 'ya'yana a firamare. A garin nan aka haife ta, Hausarta ta fi ta yaran gidana fita. Na ce mata Injiniya, ita kuma ta ci gaba da ce mani Baba. Na zube mata guntayen a kan tebur, na faɗa mata halin da shinkafa take ciki. Ta saurara har na gama, sannan ta yi mani bayanin da a lokacin na ɗauka surutu ne kawai.

“Baba, injin nan ba ya gani, ba ya tunani. Lamba kaɗai ya sani. Zan auna sandar nan gaɓa-gaɓa, in zana ta a kwamfuta, kwamfuta ta mayar da zanen umarni layi-layi: matsa nan, shiga kaza, ja baya, tsaya. Abin da aka rubuta masa shi zai yi. Ko da an rubuta ya sassaƙe kansa ne, zai yi.”

Ta haɗa guntayen, ta ɗauko ma'auninta mai baki kamar na kada, ta fara aunawa tana rubutawa. Da ta zo kusa da ƙarshen sandar ta tsaya a wani wuri mai sheƙi.

“Ina boris ɗin da ke zama a nan, zoben ƙarfen da sandar ke juyawa a cikinsa?”

“Yana gona, a jikin inji.”

“Da kun kawo shi, Baba. Shi ya kamata in auna. Wurin nan ban sani ba ko haka aka ƙera shi, ko ci ne ya ci.”

Gona ba nan kusa ba ce, ambaliya kuma ta yanke hanya, zuwa da dawowa sai ya cinye wuni. Raina ya ɓaci. Ga abu a hannunta, tana nemana da wani abin. Na ce tun da na san sandar nan haka take sheƙi, kuma gaskiya na faɗa.

“Ke dai yi mani irin wannan.”

“Daidai da wannan?”

“Daidai wa daida. Kada ki ƙara, kada ki rage. Na gaji da zaman sanfefa.”

Ta ce to.

Na tsaya a kanta har ta gama. Ta ɗauko wata sandar ƙarfe mai kyau, ta ce ita kaɗai ta rage mata irin wadda za ta jure wannan aiki. Ta ɗaure ta a bakin inji, ta matso da wuƙar sassaƙa a hankali, a hankali, har ta ɗan sumbaci goshin ƙarfen. Ta danna wani maɓalli ta ce nan ne sifiri, daga nan injin zai riƙa ƙirga komai, in sifiri ya kauce duk aikin ya kauce. Daga nan ta ja wuƙar gefe ta kunna, wuƙa ta riƙa kai da kawowa a fili ba ta taɓa komai. Na ce me ke nan? Ta ce gwaji ne, sai ta ga hanyar da zai bi kafin ta bar shi ya taɓa ƙarfe. Sai da ta gamsu ta rufe ƙofa. Wani farin ruwa kamar tsinkakken nono ya riƙa feshi, ƙarfe na juyawa, ɓawonsa na fita a murɗe, babu hannun kowa a kai. Kafin la'asar ta miƙo mani sanda da ɗuminta. Na ɗora ta kusa da tsohuwar, wallahi in ba don karayar ba ba ka bambance su. Na yi ta sa mata albarka, a zuciyata kuma ina cewa tsohon bayan tasha ya daɗe yana cutarmu.

Washegari da sassafe ina bakin kogi. Na zura boris a jikin sabuwar sanda, ya shige sulul, babu guga, babu guduma. Na yi dariya ni kaɗai. Da na karkata sandar sai ya sulalo ya faɗo a tafin hannuna, dariyar ta tsaya. Duk da haka na haɗa inji na tayar. Sanda ta riƙa rawa a ciki, ta yaga robar da ke hana iska shiga, bututu ya yi tari ya tofar da ɗan ruwa, shi ke nan. Na yanko gwangwanin madara na naɗa a wurin, na sake tayarwa. Ya ɗan ja ruwa kamar abin kirki, sannan ya tauna gwangwanin ya tofar.

Na taka zuwa gona. Ganyen shinkafa ya nannaɗe kamar tsinke, ƙasa ta dare har kana zura yatsu. Wani maƙwabci ya ara mani ƙaramin injinsa na rabin wuni, tasa shinkafar ma tana jira, ruwan bai wuce fangalin farko ba. Sai muka koma jarka. Ni da maiɗakina da manyan yara muka riƙa lodin jarkoki a amalanken shanu daga kogi muna zubawa. Ka juye jarka guda, kafin ka ɗago kai ƙasa ta shanye, ko alamar danshi babu. Maiɗakina ba mace ce mai yawan magana ba. Ta ajiye bokiti ta ce, “Malam, wannan ba ban ruwa ba ne, wahalar da shanu muke yi. Ka koma gari.” A ranar na ji tsoro irin wanda ban ji ba ko lokacin ambaliya. Ambaliya ba ta bar mani abin yi ba, wannan kuwa ga kogi ina gani, ga shinkafa ina gani, na kasa haɗa su.

Na kwance kan injin gaba ɗaya, amalanke ya fitar da shi bakin titi, a-kori-kura ta kai ni gari. Ban yi sallama da kyau ba. Na dire shi gaban Injiniya a tsakar wurin nan mai tsafta, baƙin mai ya malala.

“Ga aikin injinku da ba ya kuskure!”

Ta ciro boris ta auna cikinsa, ta auna sandar da ta yi, ta auna tsohuwar. Ta nuna mani lambobin, ni kuwa ban ga komai ba sai lambobi. Ta ce abin da ya ɓace bai kai kaurin farce ba. Shekara da shekaru boris yana cin wurin nan a hankali, ya cinye shi sumul ta kowane gefe har ya zama kamar haka aka yi shi. Wannan rawar ma ita ta karya tsohuwar.

“Irin wadda kuka kawo na yi muku, Baba.”

“Wa ya taɓa kai wa tela tsohuwar riga ya ce a ɗinka irinta, tela ya ɗinka masa har da yagar?”

“Tela ya san yadda riga take. Ni ban taɓa ganin sabuwar wannan ba. Inji kuwa bai taɓa ganin komai ba.”

Idanunta sun kaɗa. Na so in ci gaba da faɗa, sai na rasa da wa zan yi.

Har yau in aka tayar da maganar ina nan kan bakana. Abin da na faɗa shi ubana yake faɗa, shi kowa yake faɗa daga nan har garin Kafin Hausa. A bakinmu, “irin wannan” ba ya nufin wannan ɗin da ke hannunka. Yana nufin yadda yake lokacin da yake da lafiya. Mai gyara shi zai cike gurbin da kansa, ba sai an gaya masa ba, shi ya sa tsohon nan yake barin ƙiba mu rage a gona, tunda ƙarfe ana rage shi ne, ba a ƙara shi. Ita kuma yarinya ta yi tambayar da ya kamata, ta samu amsa, ta rubuta amsar da lamba. Hausa muka yi da juna tsantsa, kowa ya tafi da abin da ya ji.

Ta ce za ta sake, amma babu ƙarfe. Na bazama wurin 'yan gwangwan. Na tona tulin tarkace na cikin gari ban samu ba, sai a garin Malam Madori na dace da sandar ƙafar wata matacciyar mota. Na rungumo ta a bayan babur. Injiniya ta goga mata zarto, ta saurari ƙarar, ta ce za ta yi. Ta gyara lambobinta bisa awon boris. Muna shirin ɗaurawa aka ɗauke wuta.

Janaretan wurin ba ya iya ɗaukar injin. Muka zauna. Ban taɓa sanin akwai ranar da zan yi alwala in roƙi Allah wutar lantarki ba, amma na yi, na kuma yi da gaske. Wuni ya wuce, wani ya biyo. Ina zuwa tun da safe in zauna a dakali ina kallon ƙwan fitilar da ke saman ƙofa. Maiɗakina ta kira ni a waya ta ce, “Malam, ta fara fari daga gabas.” Na ce na ji. Ta ce, “To,” ba ta kashe ba, ni ma ban kashe ba, har katin ya ƙare.

Da wuta ta dawo Injiniya ta tashi da gudu. Ta nemo sifiri, ta yi gwajinta, ta rufe ƙofa, farin ruwa ya fara feshi. Aiki ya kai rabi aka sake ɗaukewa. Injin ya yi wani nishi ya tsaya, wuƙa a cikin ƙarfe. Na dafe kai. Bayan azahar wutar ta dawo, na ce alhamdu lillahi, danna ya ci gaba. Ta girgiza kai. Ta ce ya manta inda yake. Sai ta janye wuƙar da lallashi, ta duba bakinta, ta mayar da injin can ƙuryar da take kira gida, daga nan ta sake lallaɓowa neman sifiri. Sannan, ina tsaye ina kallo, ta ja wuƙa gefe ta sa ta tana sassaƙar iska.

Nan na fashe. Na ce shinkafata tana mutuwa ke kina wasa da iska? Na ce in wutar nan ta sake tafiya fa? Na faɗi maganganu da yawa, har masu walda na maƙwabta suka leƙo. Ba ta juyo ba, idonta na kan gilashi.

“Baba, in na tsallake wannan ya zamana akwai kuskure, wuƙa za ta nutse a ciki. Ba mu da ƙarfe na uku.”

Na fita waje na zauna a ƙasa, na jingina da bango ina jin ƙarar injin ta bayana. Duk sanda ƙarar ta sauya sai in miƙe in leƙa. Wutar ba ta tafi ba. Da ta gama, a gabana ta ɗora boris, ya ƙi shiga, ta sa guntun katako ta riƙa bugawa a hankali har ya zauna daram. Ta haɗa mani kan injin da hannunta, ta sa sabuwar roba, ta ce in yi sauri.

Injin nan bai taɓa yin aiki irin na ranar ba. Babu rawa, babu tari, ruwa ya cika bututu ya fito da ƙarfi. Na bi shi da fartanya ina buɗe fangali bayan fangali, ƙasa na ƙuna tana sha, ina jin ƙamshinta. Na durƙusa a cikin taɓo na yi godiya. Cikin 'yan kwanaki ganye ya warware, gona ta koma shar, masu wucewa suna cewa, “Malam, ka tsallake.” Injiniya ta kira ta tambaya, na ce mata ruwa ya samu, na ji ta sauke ajiyar zuciya. Ni ma na yarda na tsallake, domin ina so in yarda.

Sai kan shinkafa ya fito. Shinkafa mai ƙwaya sunkuyawa take yi in ta nuna. Tawa ta tsaya ƙyam, fara-fara, tana kaɗawa da kowace iska. Ina zagaya ta safe da yamma hannuna a baya, na ƙi in matsa ko zangarniya ɗaya. Na ce wa kaina wata irin shinkafa ce mai jinkirin sunkuyawa. Har kasuwa na shiga na sayo sababbin buhuna, na ɗauko 'yan barema, muka yanke.

Ranar bugu aka shimfiɗa tamfol, aka kwantar da durom a tsakiya. In ana bugun shinkafa mai kyau, ƙwaya na zuba a tamfol da ƙara kamar ruwan sama a kan kwano. Suka ɗaga dami suka buga, ba a ji komai ba sai ƙarar durom. Suka sake. Babbansu ya tsaya ya dube ni, na ce masa me kake kallo, ku ci gaba. Suka ci gaba, babu mai waƙa, babu mai tsokanar wani.

Maiɗakina ta zo da ƙwarya don sheƙa. Ta cika, ta ɗaga sama, ta zubo. Iska ta kwashe kusan duka ta yi cikin kachala da shi, abin da ya sauka a gaban ƙafarta ɗan kaɗan ne, daga fangalin farkon nan. Ta sake cikawa ta sake ɗagawa. Haka ta yi ta yi har tulin ya ƙare, ba ta dube ni ba ko sau ɗaya. Ta tattara abin da ya samu, ta ɗaure bakin buhun tun daga tsakiyarsa. Sannan ta je inda sababbin buhunan suke jibge, ta ninke su ɗaya bayan ɗaya, ƙanana-ƙanana, ta ɗora a kai ta lulluɓe da mayafi yadda ba mai gane ko mene ne.

“Malam,” ta ce, “ka bari in riga ka shiga gari. Kada yara su gan su.”